Ruwa a kan ruwa: yadda za ka shirya wa lissafin kuɗin ruwa a WAEC, NECO da JAMB ba tare da dogaro da hadda ba

Ɗalibin da ke zaune a Hanwa ba shi da nisa da jami'a. Daga Kwangila mota ɗaya ce za ta sauke shi a ƙofar ABU da ke Samaru, in kuma ya juya ta wajen Tudun Wada ga harabar Kongo nan. Amma kusancin gida ba ya ba da gurbin karatu. Yawancin kwasa-kwasai suna neman kiredit a darasin lissafi, wato aƙalla C6 a WAEC ko NECO, sannan ga makin JAMB. Wani lokaci maki biyu ko uku ne tsakanin wanda zai shiga aji da wanda zai sake zaman shekara guda a gida.

Lissafin kuɗin ruwa na daga cikin wuraren da ake zubar da irin wannan makin a banza. Ba don yana da wahala ba. Ɗalibai da yawa suna haddace ƙa'idoji biyu ne, su shiga ɗakin jarrabawa, da zarar an ɗan murɗa tambayar sai haddar ta watse. Alhali duk babin tambaya ɗaya ce tak ke riƙe da shi: wannan kason da aka ambata, kason mene ne? Wanda ya iya amsa wannan, ko ya manta ƙa'idar zai iya sake gina ta a gefen takarda.

Uwa da 'ya'yanta

Hausa ta riga ta sauƙaƙa mana rabin aikin, domin kuɗin da aka fara da shi "uwar kuɗi" muke kiransa. Uwa kuwa haihuwa take yi. Ba mu kaɗai muka kalli abin haka ba: a tsohon harshen Girka, kalmar tokos tana nufin abin da aka haifa, kuma ita ce dai ke nufin kuɗin ruwa.

To a ce kana da akuya mai haifar ɗiya ɗaya duk shekara. Idan duk wadda ta haifa ka ɗauke ka kai wani gida, uwar ce kaɗai ke ci gaba da haihuwa, ƙarin da kake samu bana shi ne na baɗi. Wannan shi ne ruwa tsayayye, wanda littattafan makaranta ke taƙaitawa da S.I. Idan kuwa ka bar 'ya'yan a garke har su ma suka fara haihuwa, ƙarin baɗi zai fi na bana. Wannan shi ne ruwa mai haihuwa, ko ruwa a kan ruwa, wanda ake taƙaitawa da C.I.

Mu sa lambobi. An ajiye ₦50,000 a kan kashi 10 cikin 100 a shekara, har shekara 3.

A ruwa tsayayye, kashi 10 na uwar kuɗi ake ɗauka kullum, wato ₦5,000. Sau uku ya zama ₦15,000. Jimilla ₦65,000.

A ruwa mai haihuwa, shekarar farko ₦5,000 ne, kuɗi ya zama ₦55,000. Shekara ta biyu kashi 10 na ₦55,000 za a ɗauka, wato ₦5,500, ya zama ₦60,500. Ta uku ₦6,050, ya zama ₦66,550. Ruwan da aka samu ₦16,550 kenan.

Bambancin ₦1,550 ne kawai, kamar ba komai ba. Amma bar shi ya kai shekara 20: na farko zai tsaya a ₦150,000, na biyu ya haura ₦336,000. Na farko tafiya yake da taki iri ɗaya, na biyu kullum takinsa ƙara faɗi yake.

Lambar ninki: makamin da ya fi hadda

Ƙa'idar ruwa tsayayye kowa ya san ta: I = PRT/100. P uwar kuɗi, R kason shekara, T yawan shekaru, I kuma ruwan da ya taru. Babu wani sirri a ciki, ruwan shekara ɗaya ne aka ninka da yawan shekaru.

Ta ruwa mai haihuwa ce ke tsorata mutane: A = P(1 + R/100)^n. To duba abin da ke cikin baka ɗin nan. Ƙara wa abu kashi 10 cikin 100 daidai yake da ninka shi da 1.1. Ƙara kashi 6, ninkawa da 1.06 ne. Ƙara kashi 25, ninkawa da 1.25. Mu kira wannan lambar ninki. Ƙa'idar gaba ɗaya cewa take: ɗauki uwar kuɗi, ninka ta da lambar ninki sau yawan zangon da aka ambata. Shi kenan. ₦50,000 × 1.1 × 1.1 × 1.1 = ₦66,550.

Amfanin kallon abin ta wannan fuska shi ne, tambayoyi huɗu da ake koyarwa daban-daban sai su koma guda.

Faɗuwar daraja. A ce an sayi Keke Napep a kan ₦3,000,000, darajarsa na raguwa da kashi 20 duk shekara. Abin da ya rasa kashi 20 ya rage kashi 80, lambar ninkinsa 0.8 ce. Bayan shekara ɗaya ₦2,400,000, bayan biyu ₦1,920,000, bayan uku ₦1,536,000. Mai gaggawa zai ce 20 sau uku 60 ne, ya cire kashi 60 ya samu ₦1,200,000. Ya faɗi, domin kashi 20 na shekara ta biyu ba na miliyan uku ba ne, na abin da ya rage ne.

Komawa baya. An ce wani kuɗi ya zama ₦72,600 bayan shekara 2 a kan kashi 10 mai haihuwa, nawa aka fara da shi? Tunda ninkawa aka yi aka zo nan, rabawa za a yi a koma. 1.1 × 1.1 = 1.21. Raba ₦72,600 da 1.21, ka samu ₦60,000. Wanda ya cire kashi 20 daga ₦72,600 zai samu ₦58,080, kuma ba daidai ba ne.

Neman shekaru. Shekara nawa ₦50,000 zai yi kafin ya wuce ₦80,000 a kan kashi 10? Ci gaba da ninkawa kawai: 55,000, 60,500, 66,550, 73,205, 80,525.50. Shekara 5. Wanda ya iya logaridim zai raba log 1.6 da log 1.1 ya samu kusan 4.93, wanda ke nufin sai an cika shekara ta biyar. Hanya biyu, amsa ɗaya.

Ƙaruwar jama'a. Ita ma wannan lissafin ne, mutane ne kawai suka maye gurbin naira.

Ramuka huɗu da masu tsara tambaya ke haƙawa

Na farko, ruwa ake nema ko jimilla? Ƙa'idar ruwa tsayayye ruwan kaɗai take bayarwa. Ta ruwa mai haihuwa kuwa jimilla take bayarwa, uwa da 'ya'ya a haɗe. Idan ruwan aka tambaya, sai ka cire uwar kuɗi. Haka nan idan aka ce ₦40,000 ya zama ₦52,000 a shekara 5 a ruwa tsayayye, a nemo kason, to ₦52,000 ba ruwa ba ne. Ruwan ₦12,000 ne, wato ₦2,400 a shekara, wato kashi 6 na ₦40,000. Wanda ya cusa 52,000 a gurbin I zai samu kashi 26.

Na biyu, watanni. Idan ka ga p.a. a gaban kaso, a shekara ake nufi, don haka dole lokacin ma ya koma shekara. Wata 9 shi ne 9/12, wato 0.75. Ruwan ₦80,000 a kan kashi 15 na wata 9 shi ne 80,000 × 15 × 0.75 ÷ 100 = ₦9,000. Wanda ya sa 9 kai tsaye zai samu ₦108,000. Ko ba ka duba aikinka ba, hankali zai gaya maka cewa kashi 15 a shekara ba zai haifi fiye da uwar kuɗi a ƙasa da shekara ba.

Na uku, zangon da ake haɗa ruwan. Wani lokaci za a ce ana haɗa ruwa duk wata shida, ko duk wata uku. A nan abu biyu ke sauyawa tare: kaso ya ragu, zango ya ƙaru. ₦100,000 a kan kashi 12 a shekara, ana haɗawa duk wata shida, na shekara ɗaya da rabi: kason zango 6 ne, zanguna 3 ne. 1.06 × 1.06 × 1.06 = 1.191016, jimilla ₦119,101.60. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara ɗaya a manta ɗayan.

Na huɗu, datse lamba da wuri. Idan ka mayar da 1.191016 zuwa 1.19 tun a tsakiyar aiki, ka zubar da fiye da ₦100 daga amsar. Bar lambobin su cika har layin ƙarshe, sannan ka datse yadda tambayar ta ce.

Kowace jarrabawa da irin rawarta

A JAMB tambaya 180 ake amsawa cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi. In ka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. Babu lokacin dogon rubutu, kuma kalkuletan da ke kan kwamfutar mai sauƙi ne. Abin da zai cece ka shi ne ƙiyasi. Ka fara lissafa ruwa tsayayye da ka, sannan ka tuna cewa mai haihuwa zai ɗan ɗara shi.

Misali, a nemi ruwa mai haihuwa na ₦50,000 a kan kashi 10 na shekara 2, zaɓin kuma su ne ₦10,000, ₦10,500, ₦60,000 da ₦60,500. Lura da kyau, babu wanda aka ajiye a banza. Na farko na wanda ya yi ruwa tsayayye ne. Na ƙarshe na wanda ya manta cire uwar kuɗi ne. Na uku na wanda ya haɗa kuskuren biyu. Ganin amsarka a cikin zaɓi ba ya nufin ka yi daidai, domin mai tsara tambayar ya san inda ake zamewa, ya kuma ajiye tabarma a wurin.

Akwai wata gajeriyar hanya da ta cancanci riƙewa. A shekara biyu, bambancin ruwan biyu shi ne ruwan da ruwan shekarar farko ya haifa. A misalinmu ruwan farko ₦5,000 ne, kashi 10 nasa ₦500. Bambancin kenan, ba sai ka yi dogon lissafi biyu ba.

A WAEC da NECO kuwa akwai takardar rubutu, inda ake ba da maki a kan hanyar da ka bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Don haka rubuta ƙa'idar, nuna lambobin da ka sa, nuna matakan. Ko hannunka ya zame a kan kalkuleta a ƙarshe, makin hanya na nan. Wanda ya rubuta amsa tsirara, in ta kuskure ya tashi a tutar babu. Kada kuma ka manta alamar naira ko kalmar shekara a jikin amsar.

Abin da bincike ya nuna game da yadda ake karatu

Ɗalibi zai zauna da New General Mathematics, ya karanta misalan da aka warware, ya gyaɗa kai, ya ji ya gane. Wannan jin yaudara ne. Gane abu idan yana gabanka daban, ciro shi daga kanka idan littafi na rufe daban, kuma na biyun ake gwadawa ranar jarrabawa.

A 2006, masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka sa su rufe takardar su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, sai lamarin ya juye, masu gwada kansu suka fi tunawa.

A 2007 kuma, Doug Rohrer da Kelli Taylor sun gwada wani abu a kan lissafi kansa. Wasu ɗalibai sun yi atisayen tambayoyi iri ɗaya a jere kafin su koma wani irin, wasu kuma aka cakuɗa musu. A lokacin atisaye masu cakuɗe sun fi shan wahala, amma a gwajin da aka yi bayan mako guda sun yi wa sauran fintinkau. Dalilin a fili yake: idan tambayoyi goma a jere duk na ruwa tsayayye ne, ba ka taɓa tsayawa ka tantance wace iri ce ba. A jarrabawa kuwa babu mai gaya maka.

Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyo, kuma rarraba bita a kwanaki ya fi tara ta a zama ɗaya. Magabata ma sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga tsarin da za a iya bi cikin mako biyu, minti 30 a rana:

Kwana uku na farko, ajiye ƙa'ida gefe. Warware tambayoyi shekara bayan shekara da hannu, kamar yadda muka yi da ₦50,000, har sai ka ji bambancin a jikinka.

Kwana huɗu na gaba, shigo da ƙa'idojin da lambar ninki. Kafin ka taɓa kalkuleta, rubuta abu huɗu a gefe: uwar kuɗi, kason zango, yawan zango, da abin da ake nema.

Mako na biyu, tara tambayoyin shekarun baya na WAEC, NECO da JAMB, ka cakuɗa su da na riba da asara da na faɗuwar daraja. Sa agogo. Duk wadda ka faɗi, rubuta a bayan littafinka wane rami ne daga cikin huɗun nan ya kama ka. Bayan kwana uku za ka ga rami ɗaya ne ke yawan maimaituwa, shi za ka cike.

In kuna da ƙungiyar karatu a unguwa, kowa ya tsara wa ɗan'uwansa tambaya da zaɓi huɗu, uku na kuskure da gangan. Wanda ya iya haƙa rami da wuya ya faɗa cikinsa.

"Ai ni ba na cin ruwa, me zai amfane ni?"

Tambaya ce da ake ji a Zariya, kuma tana da tushe, tunda Musulunci ya haramta riba, shi ya sa ma aka samu bankuna irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba. Sai dai wannan lissafin bai tsaya a banki ba. Duk abin da ke ƙaruwa ko raguwa da wani kaso na kansa, wannan dokar yake bi.

Ɗauki tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Da za ta tsaya a haka, abin da ake saya ₦1,000 a kasuwar Tudun Wada zai zama ₦1,348 bayan shekara, ₦1,817 bayan biyu, kusan ₦2,450 bayan uku. Matar da ke zubin adashi ba ta ci ruwan kowa ba, amma wannan lissafin na cin darajar kuɗinta tana zaune.

Ɗauki manhajojin bashi na waya. A ce wata ta rubuta kashi 10 a wata, ana haɗa ruwan da ba a biya ba a kan bashin. Kashi 10 kamar ƙaramin abu ne. Ninka 1.1 sau goma sha biyu, za ka samu kusan 3.14. Bashin ₦20,000 ya haura ₦62,000 a shekara guda. Wanda ya san lambar ninki zai ga wannan tun kafin ya danna.

Akwai wata dabarar ƙiyasi da Luca Pacioli na Italiya ya ambata a littafinsa na lissafi tun 1494: raba 72 da kason, ka samu kusan shekarun da abu zai yi ya ninka biyu. A kashi 10, shekara 7 da ɗan ɗoriya. Ƙidayar 2006 ta ba Najeriya mutum kimanin miliyan 140, ana ƙiyasta ƙaruwar kusan kashi 3.2 a shekara. Raba 72 da 3.2, ka samu shekara 22 da rabi. Dabarar ta fi dacewa da ƙananan kaso, in kason ya yi girma takan ɗan kauce.

Ga ɗaliban kimiyya kuma, akwai tukuici. A 1683 Jacob Bernoulli ya yi tambaya: in aka ba da kashi 100 a shekara a kan kuɗi ɗaya, aka yi ta ƙara yawan lokutan haɗa ruwa, ina za a tsaya? Sau ɗaya a shekara, 2. Sau biyu, 2.25. Duk wata, kusan 2.61. Kullum, kusan 2.71. Komai yawan yankawa ba ya wuce 2.71828 da 'yan ɗigo. Wannan ita ce lambar e, wadda za ka sake haɗuwa da ita a jami'a wajen lissafin yaɗuwar ƙwayoyin cuta, da raguwar magani a cikin jini, da sanyayar abu mai zafi.

Gwada kanka

Rufe wannan shafin bayan ka kwafe tambayoyin, ka yi su ba tare da leƙe ba.

1. Nawa ne ruwa tsayayye a kan ₦120,000, kashi 8 a shekara, na wata 15?
2. Janareta na ₦500,000 na rasa kashi 10 na darajarsa duk shekara. Nawa zai kai bayan shekara 2?
3. A wani allon laka na Babila mai kusan shekara 4,000 an tambayi tsawon lokacin da kuɗi zai ninka biyu a kan kashi 20 mai haihuwa. A cikin shekara ta nawa zai ninka?

Amsoshi: ta farko ₦12,000, domin wata 15 shekara 1.25 ce. Ta biyu ₦405,000, lambar ninki 0.9 sau biyu. Ta uku a cikin shekara ta huɗu, domin 1.2 sau uku 1.728 ne, sau huɗu kuma 2.0736.

In ka faɗi ɗaya, koma ka duba wane rami ne, ka ajiye tambayar, ka sake gwada ta jibi da wasu lambobin. Allah Ya ba da sa'a.